Koyar da Dabarun Nazarin Hulɗar Ɗan Adam da Kwamfuta a Jami'a

1.0 Gabatarwa

Abu ne sananne cewa ɗalibin da ya shafe shekara uku ko huɗu yana karatun kimiyyar kwamfuta yakan fita da ƙwarewa wajen rubuta umarnin da na'ura za ta bi. Abin da ba kasafai yake fita da shi ba shi ne sanin mutumin da zai zauna gaban na'urar bayan an miƙa aiki, wato magatakarda ko ma'aikaciyar jinya ko ɗan kasuwa, waɗanda ba su halarci laccar da aka yi masa ba, ba kuma za su taɓa ganin umarnin da ya rubuta ba. Fannin da ke nazarin wannan giɓi shi ake kira hulɗar ɗan Adam da kwamfuta. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana muhimman dabarun da ake koya wa ɗalibai a wannan fanni, da yadda ake koyar da su, da kuma wuraren da suke cin karo da harshe da al'adar mutanen da ake gwada su a kansu.

Kafin a shiga batun gadan-gadan, ya dace a daidaita wasu kalmomi. Malaman makaranta sun daɗe da sanin kalmar "manhaja" da ma'anar tsarin karatu, amma Hausar yau ta faɗaɗa ta har ta haɗa da shirin da ake ɗora wa kwamfuta ko waya. A nan an yi amfani da ita da ma'ana ta biyun, aka bar wa ta farkon "tsarin karatu". "Fuskar manhaja" na nufin duk abin da mutum yake gani ko ji ko taɓawa yayin da yake aiki da ita, kamar rubutun da ke kan allo da maɓallai da saƙonnin gargaɗi. "Mai amfani" kuwa shi ne mutumin da aka yi manhajar dominsa.

2.0 Yadda Fannin ya Shiga Aji

Fannin ya tsaya da ƙafafunsa ne a Amurka a farkon shekarun 1980, lokacin da kwamfuta ta fara barin hannun ƙwararru tana shiga ofisoshi da gidaje. A shekarar 1982 aka kafa sashe na musamman dominsa a ƙarƙashin ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM, a 1983 kuma Stuart Card da Thomas Moran da Allen Newell suka fitar da littafin da ya ɗora shi a kan ilimin halayyar ɗan Adam, wanda kuma ya yaɗa sunan da ake kiran fannin da shi. Sai a 1992 wani kwamiti ƙarƙashin jagorancin Thomas Hewett ya fitar da tsarin karatu. Kwamitin ya kasa abin da za a koyar zuwa sanin mahallin da ake aiki da na'ura, da siffofin ɗan Adam, da ginin ita kanta na'urar, da matakan ƙira da tantancewa. Ya kuma ba da shawarar kwasa-kwasai huɗu: biyu a sashen kimiyyar kwamfuta, ɗaya a sashen ilimin halayyar ɗan Adam, ɗaya a sashen gudanar da bayanai.

Wannan rabo ya nuna tun farko cewa fannin ba mallakar sashe guda ba ne. Duk da haka, gurbin da aka ba shi a digirin kimiyyar kwamfuta ƙanƙane ne. Tsarin karatun da ACM da IEEE suka fitar a 2001 ya ware masa awa 8 kacal daga cikin awa 280 na darussan dole, wato ƙasa da kashi 3 cikin ɗari. Malamin da aka ba kwas na zangon karatu ɗaya ya zama dole ke nan ya zaɓi abin da zai koyar da abin da zai bari, kuma yawancin muhawarar da ake yi kan koyar da fannin a kan wannan zaɓi take.

3.0 Raba Ɗalibi da Zatonsa

Babban abin da malami yake fara karo da shi shi ne zaton da ɗalibi ya zo da shi, cewa abin da ya yi masa sauƙi zai yi wa kowa sauƙi, kuma duk wanda ya kasa sarrafa manhajarsa, laifin nasa ne. Ba a kan raba ɗalibi da wannan zato da nasiha. Shi ya sa malamai da dama suke buɗe kwas da labarin wani haɗari da ya auku.

Wanda aka fi kawowa shi ne na Therac-25, na'urar da ke ƙona ciwon daji da haske mai ƙarfi. Tsakanin 1985 da 1987 aƙalla majinyata shida a Amurka da Kanada sun sami hasken da ya ninka abin da aka rubuta musu ninkin ba ninki, wasunsu kuma suka rasa rayukansu. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka wallafa a 1993 ya nuna cewa akwai kuskure a cikin manhajar, wanda kan tashi idan ma'aikaci ya gyara bayanan da ya shigar da sauri, cikin kimanin daƙiƙa takwas. Abin mamaki, ƙwarewar ma'aikaci ce ke jawo haɗarin, domin sabon shiga ba ya iya wannan sauri. A garin Tyler na jihar Texas a 1986, abin da allon ya nuna wa ma'aikaciyar shi ne an sami tangarɗa mai lamba 54, alhali littafin jagorar da ke hannunta bai fayyace ma'anar lambar ba. Da yake ta saba ganin irin waɗannan saƙonni a kullum ba tare da wata illa ba, sai ta danna maɓallin ci gaba. Gaskiya ne cewa fuskar manhajar ba ita kaɗai ta jawo haɗarin ba, domin an kuma cire wasu makarai na ƙarfe da tsofaffin na'urorin suke da su. Amma tambayar da ake jefa wa aji ita ce: me ma'aikaciyar ta sani a wannan daƙiƙa, kuma wa ya hana ta sanin sauran?

Daga nan sai a gabatar da ƙa'idoji uku da John Gould da Clayton Lewis na kamfanin IBM suka bayyana a 1985, waɗanda su ne ƙashin bayan duk dabarun da za su biyo baya. Ta farko, a san masu amfani da aikinsu tun kafin a fara ƙira. Ta biyu, a auna abin da suke yi da samfurin a zahiri. Ta uku, a gyara, a sake gwadawa, a sake gyarawa. Ɗalibai kan yi murmushi su ce ai wannan kowa ya sani. Amsar tana cikin binciken su Gould ɗin: sun nemi mutum 447 masu ƙirar manhaja su lissafa matakan da ya kamata a bi a aikinsu, sai aka tarar kashi 16 cikin ɗari ne kawai suka ambaci duka ukun, kashi 26 kuwa ba su ambaci ko ɗaya ba.

4.0 Dabarun da Ake Koyarwa

4.1 Lura da Mutane a Wurin Aikinsu

Dabara ta farko ta samo asali ne daga masu nazarin al'adu. Lucy Suchman, wadda ta yi aiki a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto, ta ɗauki hoton bidiyo na mutane bibbiyu suna fama da injin kwafin takardu da aka ce kowa zai iya sarrafa shi, cikinsu har da manyan masana kwamfuta. A littafinta na 1987 ta nuna cewa injin ba ya "ganin" komai daga abin da mutanen suke yi sai ɗan abin da ya taɓa maɓalli ko murfi. Duk shawarar da suke yi da juna, da ruɗanin da suka shiga, da fassarar da suka yi wa umarnin da ke kan allo, a ɓoye suke gare shi. Daga baya Hugh Beyer da Karen Holtzblatt suka mayar da irin wannan lura tsararriyar dabara, inda mai bincike yake zama kusa da ma'aikaci tamkar almajirin sana'a kusa da ubangidansa, yana kallo yana tambaya.

A aji, akan tura ɗalibai rukuni-rukuni zuwa wani wurin aiki na kusa, kamar ɗakin karatu ko kantin magani ko ofishin rajista, su yi awa ɗaya ko biyu suna lura. Kuskuren da suka fi yi iri biyu ne. Wasu kan dawo da ra'ayi maimakon abin da suka gani, su rubuta "ma'aikacin ba shi da tsari" a inda ya kamata su rubuta "ya duba littafi uku kafin ya sami lambar". Wasu kuma kan tambayi mutane abin da suke so a ƙera musu, su ɗauki amsar tamkar hujja. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba lallai ne ya san yadda ake rufi ba, kuma sau da yawa abin da mutum ya ce yana yi daban yake da abin da hannunsa ke yi. Maganin duka biyun shi ne a tilasta wa ɗalibi ya raba shafinsa gida biyu, gefe guda abin da ido ya gani, ɗaya gefen fassarar da ya yi masa.

4.2 Samfurin Takarda

Bayan lura sai ƙira, kuma a nan malami yakan haramta taɓa kwamfuta na makonni. Ɗalibai za su zana kowane allo a kan takarda, su yanka ƙananan takardu a matsayin maɓallai da saƙonni. Wurin gwaji, ɗalibi ɗaya zai zama "kwamfuta", yana canja takardu duk lokacin da mai amfani ya taɓa wani wuri da yatsa, ba tare da ya ce uffan ba. Hikimar ita ce wanda ya kwana uku yana rubuta manhaja ba ya son a ce masa ta lalace, amma wanda ya yi zane cikin minti goma ba ya jin zafin yaga shi. Mai amfani ma ya fi sakin jiki ya soki zanen fensir a kan abin da ya ga an gama an goge. Ga jami'ar da kwamfutocinta ba su wadaci ɗalibai ba, ko wutar lantarki ba ta tsayawa, wannan dabara ba ta buƙatar komai sai takarda da almakashi, kuma ba don talauci ake yin ta ba, domin manyan kamfanoni ma da ita suke farawa.

4.3 Lissafin Lokaci

Akwai ɓangaren fannin da ya dogara da lissafi, kuma ɗaliban kimiyya sun fi sakin jiki da shi. Tun a 1954 Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga wani abu yana ƙaruwa da nisan abin, yana raguwa da girmansa. A 1980 kuma Card da Moran da Newell suka fitar da hanyar ƙiyasta lokacin da ƙwararren ma'aikaci zai ɗauka ya gama aiki. Sun ba kowane motsi ƙimarsa: danna maɓalli daƙiƙa 0.2 ga mai matsakaicin sauri, nuna abu da linzamin kwamfuta daƙiƙa 1.1, kai hannu daga madannai zuwa linzami daƙiƙa 0.4, ɗan tsayawar tunani kafin aiki daƙiƙa 1.35.

Alal misali, a ɗauki magatakardan da zai adana takarda. Idan ya bi ta jerin zaɓi, zai kai hannu ga linzami, ya yi tunani, ya nuna ya danna, ya sake nunawa ya danna, sannan ya mayar da hannu, jimla daƙiƙa 4.75. Idan kuwa ya haɗa maɓallai biyu, tunani da dannawa biyu ne kawai, wato daƙiƙa 1.75. Bambancin daƙiƙa 3 kamar ba komai ba ne, amma idan yana yin aikin sau 500 a rana, ya zama minti 25.

Misalin da ke nuna ƙarfin irin wannan lissafi shi ne binciken da Wayne Gray da Bonnie John da Michael Atwood suka wallafa a 1993 a kan kamfanin tarho na NYNEX. Kamfanin ya so sayen sababbin na'urori ga ma'aikatan da ke haɗa kira, bisa hujjar cewa sun rage yawan maɓallan da ake dannawa. Lissafi ya nuna sababbin za su fi tsofaffin jinkiri, gwajin da aka yi na watanni da ma'aikata na gaske kuma ya tabbatar da haka. Dalili shi ne danne-dannen da aka rage, ma'aikaci yana yin su ne a lokacin da mai kira yake magana, don haka da ma ba sa cin lokaci, waɗanda suka rage kuwa an mayar da su inda dole a jira su. Sai dai wajibi ne a nuna wa ɗalibi iyakar hanyar: tana auna ƙwararren da ba ya kuskure, ba ta cewa komai game da wanda ya ga allon yau ya rasa inda zai fara.

4.4 Gwaji da Bayyana Tunani

Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace canja ɗalibi. Za a zaunar da mai amfani gaban samfuri, a ba shi aiki takamaimai, a roƙe shi ya riƙa faɗin duk abin da ke zuwa masa a zuci yayin da yake yi. Tushenta aikin Anders Ericsson da Herbert Simon ne na 1980 a kan ɗaukar furucin mutum a matsayin hujjar bincike, Clayton Lewis kuma ya shigo da ita fagen kwamfuta a 1982. Sharaɗin da Ericsson da Simon suka gindaya shi ne kada a nemi mutum ya yi bayani ko ya kare abin da ya yi, domin neman bayani yana canja tunanin da ake son gani. Iyakar abin da mai gwaji zai ce idan shiru ya yi yawa shi ne "ci gaba da magana".

A nan ne ake ganin wahalar koyarwa. Ɗalibin da ya zana samfurin da hannunsa, ya ga mutum yana laluben maɓallin da ke gaban idonsa, da ƙyar yake iya riƙe bakinsa. Zai ce "duba sama", ko ya nuna da haɓa, ko ya yi gyaran murya. Da zarar ya yi haka gwajin ya tashi daga aiki, domin ranar da manhajar ta fita ba zai kasance a wurin ba. Malamai kan magance wannan ta hanyar hana mai zane jagorantar gwajin samfurinsa, a ba shi takarda da alƙalami a zaunar da shi a baya. Mutum na farko da ya kasa, ɗalibi zai ce bai waye ba. Na biyu, zai ce an yi rashin sa'a. Idan na uku ya tsaya cik a daidai wurin da biyun farko suka tsaya, ba a buƙatar malami ya ƙara cewa komai.

4.5 Tantancewa da Batun Mutum Biyar

A 1990 Jakob Nielsen da Rolf Molich, dukansu 'yan ƙasar Denmark, suka gabatar da hanya mai arha, inda masu tantancewa za su bi fuskar manhaja allo bayan allo suna auna ta da 'yan ƙa'idoji, waɗanda Nielsen ya daidaita zuwa goma a 1994. Daga cikinsu akwai sanar da mai amfani halin da na'ura take ciki, da ba shi hanyar janyewa idan ya yi kuskure, da yi masa magana da harshen da ya sani. Sun gano cewa mai tantancewa ɗaya yana kama tsakanin kashi 20 da 51 cikin ɗari ne kawai na matsaloli, don haka suka ba da shawarar a haɗa rahoton mutum uku zuwa biyar.

Akwai kuma maganar da ta yaɗu cewa gwaji da mutum biyar ya isa. Asalinta lissafin Nielsen da Thomas Landauer ne na 1993, wanda ya ɗauka cewa kowane mutum guda yana bankaɗo kimanin kashi 31 cikin ɗari na matsalolin da ke akwai, ta yadda biyar za su bankaɗo kusan kashi 85. Ɗalibai kan haddace "biyar" su manta da "31". Yana da kyau a sa su sake lissafin da kansu: idan matsalar mai wuyar gani ce, wadda mutum ɗaya cikin goma ne ke faɗawa cikinta, mutum biyar za su kama kashi 41 ne kawai na irinta, kuma sai an gwada mutum 18 kafin a kai kashi 85. Haka nan, a wani binciken da Molich ya jagoranta, rukunoni tara sun gwada manhajar wasiƙu ta Hotmail kowa da kansa, suka kawo matsaloli 310, amma kashi 75 cikin ɗari na waɗannan matsaloli rukuni ɗaya tak ne ya gan su. Bai kamata a ɓoye wa ɗalibai wannan sakamako ba don gudun kada su raina fannin. Wanda ya san raunin ma'auninsa ya fi iya aiki da shi.

5.0 Harshe da Al'ada a Ɗakin Gwaji

Idan aka duba da idon basira, za a ga cewa mafi yawan waɗannan dabaru a kan magana suka dogara: hira, da bayyana tunani, da suka. An kuma gina su ne a Amurka da arewacin Turai, inda ba abin kunya ba ne baƙo ya dubi mai abu ya ce masa abinsa bai yi ba. Masu bincike a Indiya sun daɗe da lura cewa mahalarta gwaji sukan ƙi sukar abin da aka nuna musu. Domin haka Apala Lahiri Chavan ta ƙirƙiro dabarar saka aikin gwaji cikin labari irin na finafinan Indiya, inda za a ce wa mutum akwai auren da dole a hana shi, kuma sai ya sayi tikitin tafiya nan take. Da mutum ya shiga labarin, sai ya manta da kara, ya fara faɗin duk abin da ya tare masa hanya. Malamin da ke koyar da ɗaliban da za su yi gwaji da Hausawa, waɗanda shaƙuwarsu da finafinan Indiya ba ɓoyayya ba ce, ba zai rasa abin ɗauka a nan ba.

Kirk-Greene, a laccarsa da aka buga a 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa kunya da ladabi cikin siffofin da ake yabo. Waɗannan siffofi su ne dabarar bayyana tunani take neman a ajiye a bakin ƙofa. Dattijon da ɗan jami'a ya zaunar gaban waya zai iya cewa "ai ya yi kyau, Allah ya yi albarka" alhali bai iya gama ko aiki ɗaya ba, matar aure kuma ba lallai ne ta saki baki gaban saurayin da ba ta sani ba. Ɗalibin da ya rubuta "mahalarta sun gamsu" bai yi ƙarya ba, amma bai gano komai ba. Hanyoyin rage wannan sanannu ne a fannin: a haɗa mutum biyu da suka saba da juna su yi aikin tare, kamar yadda Suchman ta yi, domin abin da mutum ba zai faɗa wa baƙo ba zai faɗa wa abokinsa, a sa mace ta jagoranci gwajin mata, a nisanta mai gwaji daga abin da ake gwadawa, sannan a fi ba da ƙarfi ga abin da hannu ya yi a kan abin da baki ya faɗa.

Ƙa'idar nan ta yi wa mai amfani magana da harshensa ma ta fi yadda ake zato zurfi, kuma a nan ne sashen harsuna yake da abin cewa. Maɓallin da ake dannawa don janyewa daga aiki, "soke" za a rubuta a kansa ko "fasa"? Ta farko tana iya sa mai tura kuɗi ya ji tsoron za a shafe abin da ya riga ya wuce, ta biyu kuwa tana nuna niyyar ce kawai aka janye. Turanci yana da wakilin suna guda ga duk wanda ake magana da shi, Hausa kuwa tana tilasta zaɓi tsakanin "sunanka" da "sunanki" da "sunanku", kuma kowane zaɓi yana ɗauke da saƙo game da wanda aka ɗauka yana riƙe da wayar. Haruffa masu ƙugiya suna da tasu matsalar: manhajar da ba ta san cewa mai neman "Danladi" yana iya nufin "Ɗanladi" ba za ta ce babu sunan, wadda kuma ta haɗe su gaba ɗaya za ta kasa bambance "ƙasa" da "kasa". Ko ƙidayar kuɗi ba ɗaya ba ce, domin Bahaushen Nijar yana lissafi da dala, wadda take daidai da faran biyar na sefa, ta yadda "ɗari" a bakinsa faran 500 take nufi. Manhajar da ke karɓar umarni da murya, idan ba a yi la'akari da haka ba, za ta tura kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka nufa. Babu ɗayan waɗannan da ƙamus zai warware shi kaɗai. Sai an rubuta kalmomin a kan takarda, an ajiye su gaban masu harshen, an ga wadda yatsa ya nufa.

Wani zato da ya cancanci a girgiza shi a aji shi ne cewa kowace na'ura mutum ɗaya ne ke amfani da ita. Binciken da Nithya Sambasivan da abokan aikinta suka yi a unguwannin talakawa na Bangalore, wanda aka gabatar a 2010, ya bayyana yadda waɗanda ba su iya karatu ba suke amfani da waya ta hannun wani, ɗa ko maƙwabci. Inda haka take, lambar sirri ba sirri ba ce, kuma ɗalibin da ya gwada samfurinsa da mai wayar kaɗai ya bar rabin masu amfani a waje.

6.0 Izini da Auna Aikin Ɗalibi

Da yake ɗalibai za su yi hulɗa da mutane na gaske, wajibi ne a koya musu neman izini tun a makon farko. A gaya wa mahalarci cewa manhajar ake gwadawa ba shi ba, cewa yana iya tashi duk lokacin da ya so, kuma ba za a saka sunansa a rahoto ba. Takardar da aka rubuta da Turanci aka ba wanda ba ya karanta shi ya dangwala hannu ba izini ba ce. A Nijeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta mayar da wannan batu na shari'a, bayan kasancewarsa na ɗa'a.

Saura batun maki, wanda shi ne yake yanke abin da ɗalibi zai ɗauka da muhimmanci. Jarrabawar da ta ce a lissafo ƙa'idoji goma na Nielsen tana auna hadda, kuma ɗalibi zai iya cinye ta ba tare da ya taɓa zama kusa da mai amfani ba. Idan kuma aka ba da maki a kan kyawun samfurin ƙarshe, rukunoni za su ɓoye gazawar da suka gani, alhali ita ce amfanin gwajin. Abin da ya fi dacewa shi ne kaso mafi tsoka ya tafi ga sarƙar hujja: ga zanen farko, ga inda mutum uku suka tsaya, ga abin da aka canja, ga abin da ya faru a gwaji na biyu. Da wannan ma'auni, rukunin da samfurinsa na farko ya faɗi warwas, ya gano dalili ya gyara, zai fi wanda ya kawo rahoton cewa kowa ya yaba. Aikin rukuni kuma yana da matsalarsa ta daban, domin sau da yawa mutum ɗaya ke fita fili saura su sa suna. Hanyar toshe wannan ita ce kowane ɗalibi ya jagoranci aƙalla gwaji ɗaya, ya kuma miƙa takardar lurarsa ta hannu, mai ɗauke da rana da wuri, tare da rahoton rukuni.